Auren Jinsi a Sudan: Abin da Doka ta Tanada da Yadda Masu Goyon Baya ke Magana

Dokar Sudan ba ta san auren jinsi ba. Dokar iyali ta Musulmi ta 1991 ta ɗauki aure a matsayin ƙulli tsakanin namiji da mace, yayin da sashe na 148 na kundin laifuka na wannan shekarar ya haramta luwaɗi. Don haka a Khartum da Omdurman, waɗanda ba 'yan luwaɗi ko maɗigo ba ne amma suke goyon bayansu ba kasafai suke ambaton aure ba. Sun fi magana kan hana duka, kame da tozartawa.

A watan Agustan 2010, wata kotu a babban birnin ta sa aka yi wa samari 19 bulala 30 kowannensu a bainar jama'a, saboda sanya kayan mata a wani biki da jaridu suka kira auren jinsi. Babu lauyan da ya tsaya musu a gaban alƙali.

Bayan faɗuwar Umar al-Bashir a 2019, gwamnatin riƙon ƙwarya ta soke dokar kula da ɗa'ar jama'a. A watan Yulin 2020, lokacin da Nasruddin Abdulbari ke ministan shari'a, aka cire hukuncin kisa da bulala daga sashe na 148. Ɗauri dai yana nan, kuma wanda aka samu da laifin karo na uku zai iya fuskantar ɗaurin rai da rai.

Fitaccen misalin goyon baya ya fito ne daga ƙetare. Ibrahim Mursal, mai shirya fim da ya taso a Sudan, ya fitar da fim a 2020 kan Ahmed Umar, mai zane ɗan Sudan mazaunin Norway da ya bayyana kansa a fili a matsayin ɗan luwaɗi. A fim ɗin, Mursal ya binciki tarbiyyarsa da aƙidarsa shi ma. A cikin gida kuwa, ƙungiyoyi irin su Bedayaa, wadda aka kafa a 2010 domin Sudan da Masar, suna aiki ne a ɓoye.

Akasarin al'umma da malaman addini, Musulmi da Kirista, suna adawa da auren jinsi, kuma mai goyon baya na iya rasa aiki ko dangi. A Najeriya, dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga ma'auratan, da shekara 10 ga wanda ya halarci bikin ko ya taimaka. Afirka ta Kudu ce kaɗai ƙasar nahiyar da ta halatta shi, tun 2006.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya raba miliyoyin mutane da Khartum da kewayenta, ya kuma ture wannan muhawara gefe.