Tashar Wutar da Ba a Gina Ba: Abin da Ghana Ta Koya Kan Tattalin Makamashi

Tattalin makamashi, a ma'anar da masu tsara manufofin ƙasa ke nufi, shi ne a sami aiki iri ɗaya da makamashin da bai kai na da ba, wato ɗaki ya yi haske yadda ya saba, abinci ya yi sanyi a firiji kamar kullum, injin niƙa ya niƙe buhunan da ya saba niƙewa, amma wuta ko man da aka ƙona ya ragu. Ya sha bamban da ƙanƙamo, wanda shi haƙuri ne da rashi, kamar mutum ya kashe fitila ya zauna cikin duhu don gudun biyan kuɗi. Wannan bambanci yana da nauyi a ƙasashen da wutar ma ba ta wadata ba, domin duk lokacin da hukuma ta yi kiran a yi tattalin wuta, magidancin da ake kawo wa wuta awa huɗu a yini kan ɗauka ana yi masa ba'a ne, tunda ba shi da abin da zai rage. Hujjar wannan maƙala ita ce mafi yawan asarar tana ƙunshe ne cikin kayan lantarkin da ake sayar wa jama'a, an kuma riga an yanke hukuncinta a tashar jiragen ruwa da kasuwa tun kafin kayan su shiga gida, saboda haka gyaranta aikin doka ne fiye da aikin wa'azi.

Gwamnatoci sun fara ɗaukar lamarin da muhimmanci bayan rikicin man fetur na 1973, lokacin da farashin ganga ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni. Japan, wadda kusan duk man da take ƙonawa shigo da shi take yi, ta kafa dokar tattalin makamashi a 1979, daga baya kuma ta ɓullo da tsarin da ke ɗaukar na'urar da ta fi kowace tsimin wuta a kasuwa a matsayin mizanin da sauran kamfanoni za su cim ma cikin wa'adi. A taron sauyin yanayi na Dubai a 2023, ƙasashen duniya sun amince a ninka saurin inganta tattalin makamashi daga kimanin kashi 2 cikin ɗari zuwa kashi 4 a kowace shekara kafin 2030. Sai dai misalin da ya fi kusa da mai karatu a Afirka ta Yamma ya fito ne daga ƙasa matalauciya wadda fari ya tilasta wa yin dabara.

A tsakanin 2006 da 2007 ruwan tafkin Volta ya ja baya ƙwarai saboda ƙarancin damina, madatsar Akosombo kuwa, wadda aka kammala a 1965 kuma ita ce ƙashin bayan lantarkin Ghana, ta kasa juya injinanta yadda ya kamata. Aka shiga rabon wuta unguwa-unguwa, har ma'aikatar narkar da alminiyam ta Tema ta dakatar da aiki. A cikin wannan hali gwamnatin John Kufuor ta sayo ƙwayayen fitila masu tsimin wuta guda miliyan 6, ta raba wa gidaje kyauta, ana karɓe tsofaffin ƙwayaye masu zaren waya a madadinsu. Tsohon ƙwan fitila yana mai da fiye da kashi 90 cikin ɗari na wutar da yake sha zuwa zafi, abin da ya rage ne kawai ke zama haske, shi ya sa ƙwan tsimi mai wat 15 ke ba da hasken da tsohon mai wat 60 ke bayarwa. Da yake fitilu kusan lokaci guda ake kunna su, wato daga magariba zuwa bayan isha, a daidai sa'ar da nauyi ya fi yi wa tashoshi yawa, sai musayar ta rage buƙatar wannan sa'a da kimanin megawat 124. Domin a gane girman adadin, madatsar Kpong da ke ƙasan Akosombo megawat 160 take samarwa, madatsar Bui kuwa, mai megawat 400, sai da ta ci shekaru ana gini kafin ta fara aiki a 2013. Ke nan Ghana ta sami abin da ya kusa kai tashar wuta guda cikin watanni, ba tare da ta tare kogi ko ta tashi ƙauye ko ɗaya ba.

Rabon ƙwai kyauta abu ne da kowace gwamnati ke iya yi sau ɗaya, kuma da nan aka tsaya da tasirinsa ya ƙare ranar da ƙwayayen suka mutu aka koma sayen masu araha. Abin da ya ba matakin ɗorewa shi ne dokokin da Hukumar Makamashi ta Ghana, wadda aka kafa a 1997, ta jera a kewayensa. Tun 2005 aka wajabta liƙa tambarin taurari a jikin na'urorin sanyaya ɗaki da ƙwayayen tsimi, ta yadda mai saye, ko da bai yi karatu mai zurfi ba, zai gane cewa mai taurari da yawa ta fi ƙarancin shan wuta. A 2008 aka haramta ƙerawa da shigowa da sayar da ƙwai masu zaren waya, tare da shigo da firiji da na'urar sanyaya ɗaki na hannu, sannan a 2009 aka gindaya wa sababbin firiji mafi ƙarancin mizanin da za su cika kafin a bar su su shiga kasuwa.

Batun firiji shi ya fi wuya, shi ne kuma ya fi koyarwa. Binciken da aka yi a gidajen Ghana kafin dokar ya nuna firiji ɗaya na shan kimanin yunit 1,200 na wuta a shekara, wato kilowat-awa 1,200, alhali sabo mai inganci bai kai rabin haka ba. Dalilin a bayyane yake: yawancinsu tsofaffi ne da aka yi watsi da su a Turai, an ƙera su don ƙasa mai sanyi, robar ƙofarsu ta saki, injinsu ya gaji, ga kuma wasu na ɗauke da iskar sanyaya da yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta hana saboda tana lalata rufin sararin sama mai kare duniya daga hasken rana mai cutarwa. 'Yan kasuwar da ke cin abinci da wannan sana'a sun yi turjiya, kuma ba za a ce ba su da hujja ba, domin dubban iyalai sun dogara da ita, talaka kuma ba ya iya sayen sabo. Wannan ce ta sa haramcin bai fara aiki gadan-gadan ba sai a 2013, bayan da aka buɗe shirin musaya a 2012 inda mutum zai kai tsohon firijinsa a rage masa kuɗin sabo. Jinkirin shekara biyar ɗin ya nuna cewa haramci ba ya tsayuwa shi kaɗai, sai an tanadar wa mai ƙaramin ƙarfi hanyar da zai bi.

Tambayar da masanin tattalin arziki zai yi ita ce, in har sabon firiji ya fi riba, me ya sa kasuwa ba ta gyara kanta ba? Amsar tana cikin bambancin kuɗin saye da kuɗin riƙo. Kuɗin saye ana ganinsa ido da ido ranar ciniki, kuɗin riƙo kuwa ɗigo-ɗigo yake fita cikin takardar wuta, ba tare da an san wace na'ura ce ta cinye shi ba. Idan aka auna da farashin Nijeriya lissafin zai fito sarai. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta ɗaga farashin yunit ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a yini, zuwa naira 225. A kan wannan farashi firiji mai shan yunit 1,200 zai ci naira 270,000 a shekara, mai shan 400 kuwa naira 90,000, ke nan mai tsohon firiji yana biyan ƙarin naira 180,000 duk shekara saboda rangwamen da ya samu rana ɗaya. Hausawa na cewa araha ba ta ado, a nan kuwa araha bashi ce da ake biya har na'urar ta mutu, kuma wanda ya fi kowa biya shi ne wanda talauci ya hana shi zaɓi tun farko.

Wannan lissafi yana aiki ne kawai inda akwai mita. Kusan rabin masu amfani da lantarki a Nijeriya ba su da ita, ƙiyasi ake yi musu, kuma wanda ake kawo wa takardar ƙiyasi ba shi da dalilin kashe kuɗinsa kan ƙwan tsimi, tunda ko ya rage ko bai rage ba abin da aka rubuta shi zai biya. Saboda haka raba mita yana cikin manufar tattalin makamashi kai tsaye, ko da yake akan lissafa shi a babin tara kuɗin shiga na kamfanonin rarraba wuta.

A ɓangaren masana'antu lamarin bai jira doka ba, domin tsadar dizal da cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 sun riga sun tilasta. Mai ma'aikata a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa a Kano da ke tafiyar da injinansa da janareta yana sayen kowane yunit da tsadar da ta zarce ta wutar gwamnati, don haka duk abin da ya rage riba ce tsantsa. Injinan lantarki masu juya famfo da fanka da na'urar matsa iska su ke cinye mafi yawan wutar masana'antu a duniya, kuma abin da ke jawo asara sanannu ne: inji mai girma fiye da aikinsa, inji da aka sake wa naɗin waya sau da yawa har ƙarfinsa ya ragu, bututun iska mai yoyo da ba wanda ya kula. Mizanin ISO 50001 da aka fitar a 2011 bai ƙunshi wata sabuwar fasaha ba, abin da yake nema shi ne kamfani ya auna abin da yake sha, ya ɗora alhakin a kan wani ma'aikaci takamaimai, ya riƙa bin sawu.

Akwai suka mai tushe da ya kamata a fuskanta. Tun 1865 masanin Ingila William Stanley Jevons ya lura cewa da injinan tururi suka rage cin kwal, sai amfani da kwal ɗin ya ƙaru a ƙasar baki ɗaya, domin araharsa ta jawo sababbin masu buƙata. Ana iya cewa haka zai faru a nan: wanda ƙwan tsimi ya rage wa kuɗi zai ƙara fanka ko talabijin. Wannan gaskiya ne, amma ma'anarsa a Akra ko Kano daban take da ma'anarsa a Landan. A Nijeriya, inda mutum fiye da miliyan 200 ke rabon megawat 4,000 zuwa 5,000, idan wutar da aka ceto daga tsohon firiji ta koma ta kunna keken ɗinki ko ta sanyaya allurar rigakafi a asibitin karkara, to manufar ta cim ma abin da aka kafa ta dominsa, domin abin da ake nema shi ne wuta kaɗan ta yi aiki mai yawa.

Nijeriya ba ta rasa takardu ba. Ta amince da manufar ƙasa kan makamashi mai sabuntuwa da tattalin makamashi a 2015, ta fitar da ƙa'idar gine-gine masu tsimin makamashi a 2017, hukumar kula da ingancin kayayyaki kuma ta tsara mizanin firiji da na'urar sanyaya ɗaki. Inda ta bambanta da Ghana shi ne wajen aiwatarwa, kuma dole a yi adalci a ce aikinta ya fi nauyi, domin Ghana tana tsaron manyan tashoshin ruwa biyu ne, Tema da Takoradi, Nijeriya kuwa tana da iyakokin tudu masu tsawo, har sunan birnin Kwatano ya zama sunan kayan hannu a bakin Bahaushe. Wannan ya sa mizanin ƙasa ɗaya ba zai wadatar ba sai ƙasashen ƙungiyar ECOWAS sun yi aiki da mizani guda, ta yadda firijin da aka mayar daga Tema ba zai sauka a Lome ko Kwatano ya hau mota zuwa Sabon Gari ba. A cikin gida kuma, abin da za a iya farawa da shi ba tare da jiran kowa ba shi ne a ba jami'an kwastam na Apapa da Tin Can ikon riƙe duk kwantenar da ba ta da tambari, a kuma samar da ɗakin gwaji da zai tabbatar cewa taurarin da aka liƙa sun dace da abin da na'urar ke sha.