Tarihin Binciken Lissafin Bankuna a Nijeriya

Kowace shekara banki yana fitar da lissafinsa: abin da ya samu, abin da ya kashe, abin da yake bi da abin da ake bin sa. Kafin lissafin ya isa hannun masu hannun jari, doka ta wajabta wani akanta daga waje, wanda ba ma'aikacin bankin ba ne, ya bincika shi ya sa hannu. Shi ne ake kira odita. Kusan duk dokar da ta ƙara masa ƙarfi ta biyo bayan wata asara ce da jama'a suka tafka.

Aikin ya samo asali daga Birtaniya. A 1878 bankin City of Glasgow ya durƙushe bayan shugabanninsa sun daɗe suna ɓoye asara a littattafai. Shekara guda bayan haka aka yi dokar da ta ɗora wa bankuna masu rajista a ƙarƙashinta binciken odita, a 1900 kuma aka faɗaɗa wajibcin zuwa sauran kamfanoni. Wannan tsari ne Turawan mulki suka shigo da shi Nijeriya, kuma da farko Turawa ne kaɗai ke yin aikin.

Akintola Williams ne ɗan ƙasa na farko da ya zama ƙwararren akanta, a Ingila a 1949, ya kuma buɗe kamfaninsa a Legas a 1952. A 1965 aka kafa ƙungiyar akantoci ta ICAN da doka, sannan wata ƙungiyar akantocin, ANAN, ta samu nata izinin a 1993. Dokar kamfanoni ta 1990 ta tilasta wa manyan kamfanoni kafa kwamitin bincike mai wakilan masu hannun jari, dokar bankuna ta 1991 kuma ta ce sai da amincewar Babban Banki ake naɗa oditan banki. Duk da haka bankuna sun yi ta rushewa a shekarun 1990, har aka soke lasisin guda 26 a Janairun 1998.

A 2004 gwamnan Babban Banki, Charles Soludo, ya ɗaga jarin kowane banki zuwa Naira biliyan 25. Bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25. A nan ne Bankin Arewa ya narke cikin Unity Bank. Jari ya ƙaru, riba ta yi ta hauhawa a takarda. Amma da Sanusi Lamido Sanusi ya karɓi ragama a 2009, ya tura masu binciken Babban Banki da na hukumar inshorar ajiya ta NDIC, sai aka tarar da tarin bashin da ba ya biyuwa. A 14 ga Agusta aka sauke shugabannin bankuna biyar: Intercontinental, Oceanic, Union, Afribank da Finbank. Kuɗin ceton da aka zuba a cikinsu da kuma wasu bankunan da suka biyo baya ya kai Naira biliyan 620. Waɗannan bankuna duk suna da lissafin da aka bincika aka sa wa hannu, abin da ya zubar da mutuncin sana'ar ƙwarai.

Gyare-gyare suka biyo baya. Aka mayar da ƙarshen shekarar kowane banki 31 ga Disamba, domin a da wani kan ari kuɗi wajen ɗan'uwansa ya ƙawata littafinsa ranar rufewa, daga baya ya mayar. Aka ƙarfafa ƙa'idar da ta hana kamfanin odita wuce shekara 10 a banki ɗaya. A 2011 aka kafa hukumar FRC mai sa ido kan rahotannin kuɗi, daga 2012 kuma bankuna suka koma kan ƙa'idojin lissafi na duniya. Tsarin da Babban Banki ya fitar a 2010 ya raba aikin banki da sauran harkoki, wanda ya haifar da rukunoni irin su FBN Holdings da Stanbic IBTC Holdings, inda kamfani uwa ke riƙe da banki da wasu rassa kamar na inshora, fansho ko zuba jari.

Binciken rukuni ya fi na banki ɗaya wuya. Sai an haɗa lissafin rassan duka, an cire cinikin da suka yi a tsakaninsu, don kada kuɗi ɗaya ya fito sau biyu. Inda odita ya fi daɗewa shi ne kan fayil ɗin bashi. Zai ɗauko na wani babban ɗan kasuwa, ya duba ranar da aka biya na ƙarshe, ya nemi takardar filin da aka jingina, ya tambayi wanda ya yi mata kima. Idan ya ga an ba mutum sabon rance ya rufe tsoho, ya san an lulluɓe ciwo ne. Daga nan ake ja-in-ja da shugabanni kan adadin da za a ware saboda asara, domin kowace Naira da aka ware tana rage riba. Yakan kuma rubuta wa wasu bankuna kai tsaye su tabbatar da kuɗin da aka ce yana wurinsu.

A ƙarshe odita yana bayyana ra'ayinsa: ko lissafin ya nuna gaskiyar hali, ko akwai inda ya ƙi yarda da shi. Yau kamfanoni huɗu ne, Deloitte, PwC, KPMG da EY, ke binciken mafi yawan manyan rukunonin. Matsalar da ta faro tun farko tana nan: wanda ake bincika shi ke biyan mai bincike. Don haka darajar sa hannun odita tana ga iya cewa a'a, ko da zai rasa aikin. Ajiyar talaka da fanshon ma'aikaci sun dogara da wannan riƙon amana.