Mai Jego a Matsayin Shaida: Nazari a kan The Push na Ashley Audrain

Labarin gano mai laifi ba ya tsayuwa sai da shaidar da ake kokwanton maganarsa. Marubutan Turai da Amurka sun daɗe da gane cewa mai jego ta dace da wannan gurbi: ba ta samun barci, kuka ba ya yi mata wuya, kowa kuma a shirye yake ya ce hankalinta ne ya taɓu. Tun 1892 Charlotte Perkins Gilman ta nuna haka a The Yellow Wallpaper, inda miji likita ya killace matarsa a ɗaki bayan haihuwa da sunan magani.

A littafin The Push (2021) na marubuciyar Kanada Ashley Audrain, Blythe ce ke ba tsohon mijinta Fox labarin daga nata ɓangaren. 'Yarsu Violet ba ta lafawa a hannunta, sai a hannun uban. Blythe kan toshe kunnuwanta ta ci gaba da rubutu, jaririya na tsala kuka a gado. A nan Audrain ta fi gwaninta, domin ta bayyana abin da mata da yawa ke jin kunyar furtawa: uwa na iya rungume ɗanta ta ji zuciyarta wayam. Da keken ƙaramin ɗansu Sam ya gangara titi mota ta buge shi, Blythe ta ce hannun Violet ta gani a kan keken. Fox bai yarda ba, mai karatu ma sai ya tsinci kansa a kujerar mijin, yana auna ko za a gaskata ta.

Inda nake da ja shi ne ƙarshen. Littafin ya karkata ga cewa Blythe ce mai gaskiya, wato ba a saurare ta ba sai da wani laifin ya sake aukuwa. Amma a zahiri, mai fama da ciwon damuwar jego ba ta da laifin da za ta tona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na masu jego suna samun matsalar ƙwaƙwalwa, akasari ciwon damuwa, kuma adadin ya kusa kashi 20 a ƙasashe masu tasowa. Ciwon da ke kai ga gushewar hankali kuwa daban ne, mace 1 zuwa 2 cikin 1,000 yake kamawa. Irin waɗannan littattafai suna cakuɗa biyun, har mai karatu ya fi jin tsoron uwar a kan tausayinta.

Wani zai ce kaɗaici ne ya ci Blythe, mu kuwa mai jegonmu tana kwana arba'in cikin dangi, ga ruwan zafi ga kunun kanwa. Gaskiya ne. Amma jiki ake gasawa a wankan jego, kuma idan ta ce ba ta jin daɗin ranta, amsar da ta fi saurin samu ita ce ta gode wa Allah tunda ta sauka lafiya.