Daga Burmi zuwa Gallabat: abin da za mu faɗa wa yaran mutawassiɗa game da tsofaffin mayaƙanmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan uwa mazauna Jazira da gaɓar Bahar Azrak, wani ustazu mai koyar da tarihi a makarantar mutawassiɗa ya zo zauren dattijon da muke riƙe wa alƙalami da wata buƙata. Yana so a ba shi sunayen mutanenmu da suka yi aikin soja, rayayyu da matattu, domin ya shirya wa ɗalibansa darasi a kan girmama su. Dalilinsa shi ne wani yaro ɗan shekara 13 ya tambaye shi a aji, wai kakanninmu wane yaƙi suka taɓa yi wa Sudan, tun da a littafin makaranta bai ga sunan ko ɗaya ba. Muka ɗauko daftarorin zaure muka buɗe. Akwai aure da saki, akwai iyakar gonaki, akwai sulhun manoma da makiyaya na shekaru masu yawa. Shafin mayaƙa kuwa babu shi. Kunyar wannan rana ce ta sa muka rubuta abin da ke tafe.

Tsofaffin mayaƙanmu na farko a wannan ƙasa ba su taɓa sa kaki ba. A shekarar 1903 Ingilishi suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu, suka ci Sakkwato a filin Giginya ran 15 ga Maris. Malamai suka rabu biyu. Waziri Buhari ya ga a koma a zauna da Nasara domin a tsare addinin talakawa da ba su da ikon tafiya, wasu kuma suka ga hijira ta wajaba. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya zaɓi hijira, ya fuskanci gabas, jama'a kuwa suka yi ta barin gonaki da kasuwanni suna bin sa, Fulani da Hausawa, malamai da maƙera da mata masu goyo. Daɗaɗɗen zance ne a cikin jama'ar Shehu cewa ƙarshen al'amarinsu tafiya ce zuwa Nilu da Hijaz, don haka ba su ɗauki abin a matsayin gudu ba.

A Burmi aka tare su, kusa da kogin Gongola a ƙasar Gombe. Ran 13 ga Mayu mutanen garin suka kori rundunar Kyaftin Sword. Ran 27 ga Yuli Nasara suka dawo da ƙarfi, aka wuni ana faɗa. Shugabansu Manjo Marsh ya mutu, Sarkin Musulmi ya yi shahada, tare da shi mutum fiye da 600. Tutarsa ta zauna a hannun Ingilishi har 1960 kafin a mayar da ita Sakkwato.

Littattafan Nijeriya galibi a nan suke rufe babin. Namu kuwa a nan ya soma. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya tattara waɗanda suka tsira, suka ratsa ƙasashen Cadi da Darfur da Kurdufan, suna tsayawa su yi noma ko ƙodago su sami guzuri su ƙara gaba, har suka sauka wajen Shaihu Ɗalha a 1906, aka kafa garin Maiwurno a gaɓar kogi kudu da Sinnar. Wasu ba su tsaya ba, irin Alfa Hashim wanda ya zarce Madina ya zauna. A lura da abin mamaki: mutanen da suka bar ƙasarsu don kada su zauna ƙarƙashin Ingilishi, da suka iso Nilu Ingilishi suka tarar, domin an riga an yi Karari tun 2 ga Satumba 1898. Suka haƙura suka ajiye mashi suka ɗauki fartanya. Da guminsu da na waɗanda suka biyo bayansu a hanyar hajji aka gina madatsar Sinnar da aka gama a 1925, da hannunsu aka tsinci audugar mashru'in Jazira. Mutanen ƙasa suka haɗa mu duka, Bafulatani da Bahaushe da Babarbare, suka kira mu Fallata ko Takari.

Muna so yaro ya san cewa tsohon mayaƙin Burmi ya rayu shekaru talatin ko arba'in bayan Burmi, kuma a gona da makarantar allo ya yi su. Yaƙin wuni ɗaya ne. Wanda ya ba yaro labarin wunin ya ɓoye masa shekarun, ya ba shi rabin mutum.

Sai tsara ta biyu. An kafa Rundunar Tsaron Sudan a 1925. Da Italiya ta shiga yaƙin duniya na biyu a Yunin 1940, sojojinta da ke Habasha da Iritiriya suka ƙetaro suka kama Kasala da Gallabat ran 4 ga Yuli, suka kama Kurmuk a cikin watan. Wato yaƙin ya zo har ƙofar gidanmu. A Nuwamba aka gwabza a Gallabat, a Janairun 1941 aka karɓe Kasala, a ƙarshen Maris Karan ta faɗi bayan makonni ana hawan duwatsu. Bataliyar iyaka ta rundunar Sudan, wadda ta yi sansani a Rusairis, ita ce ta shiga ƙasar Gojjam tare da Sarki Haile Selassie, da dubban raƙuma ɗauke da kaya, waɗanda kusan dukkansu suka mutu a hanya. A daidai wannan lokaci birged ɗin sojan Nijeriya, wanda Hausa ce harshen barikinsa, ya taso daga Mukadishu ya kai Harar. Masu jin Hausa suka shiga Habasha ta yamma da ta kudu, kowane bai san da ɗan uwansa ba.

Muna yara, a shekarun 1980, akwai wani tsoho a ƙauyenmu da ya bi bataliyar Rusairis. Yana saƙa igiya a gindin bedi, mu kuwa muna tsokanarsa don yana firgita in an buga ƙofar langa-langa da ƙarfi. Allah ya yafe mana. Bai taɓa ba mu labarin harbi ba. Abin da yake maimaitawa shi ne ba sai an nuna wa mutum hanyar Gojjam ba, warin mushen raƙuma ya isa jagora, da kuma sanyin duwatsu da ya kashe abokinsa wanda harsashi bai taɓa ba. Yana da gwangwani da yake ajiye takardar sallamarsa a ciki, naɗe da tsumma. Da ya rasu aka raba 'yan kayansa, ba wanda ya kula da gwangwanin. Yau da za mu same shi, da ya fi mana daftari guda amfani.

Wani zai ce, yaya za a girmama jikan mutanen Burmi da ya ɗauki bindigar Nasara? Mun ji wannan magana a zaure, kuma ba mu ga a ɓoye ta ga yara ba. A gaya musu gaskiya: wani talauci ya kai shi, wani umda ne ya rubuta sunansa, wani ya ga jiragen Italiya suna jefa wuta a ƙasar da aka haife shi ya ce ba zai zauna ba. Malaman Sakkwato ma sun saɓa a 1903, kuma ba mu zagin Waziri don ya zauna, ba mu zagin Sarki don ya tafi. Yaron da ya iya riƙe waɗannan biyu a zuciyarsa ba tare da ya jefar da ɗaya ba, ya fara fahimtar tarihi.

Abin da ya fi ciwo ya zo bayan yaƙi. Ran 14 ga Agusta 1954 Ahmad Muhammad ya karɓi shugabancin runduna daga hannun Bature, ranar da ta zama idin soja har yau, aka sami 'yanci ran 1 ga Janairu 1956. Amma dokar jinsiyya ta 1957 ta ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Mutanen da suka sauka a 1906 sun makara da shekara takwas da wani abu. Sai ga mutum da tabon yaƙi a jikinsa ana tambayarsa shaidu huɗu ko biyar a kan inda aka haifi kakansa. Mun san gidan da ɗa ya yi ta kai da komo a wani ofis yana neman ma'ashin ubansa, har uban ya rasu ba a gama binciken asalinsa ba. Daga baya an sassauta, dokar 1994 ta mayar da ma'aunin zuwa 1 ga Janairu 1956, amma abin da doka ta shuka a bakin mutane bai fita da sauyin doka ba. Mun ji shi da kunnenmu a Yulin 2022, da fitina ta tashi a Rusairis da kewayenta bayan maganar imarar Hausawa, ta sake tashi a Wad al-Mahi a Oktoba, aka rasa ɗaruruwan rayuka, dubbai suka bar gidajensu. Kalmar da aka yi ta jifan mu da ita ita ce baƙi. Yaron da ya yi wa ustazu tambaya yana da wayo a lokacin. Ba don jarrabawa ya yi ta ba.

Tsara ta uku da ta huɗu suna nan da ransu. Akwai waɗanda aikin soja ko hidimar dole ta kai su yaƙin Kudu tsakanin 1983 da 2005, wasu a Kurmuk da Gaisan suka bar ƙafa ko ido. Akwai kuma na wannan yaƙi da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023, wanda ya ci Madani a Disamban shekarar, ya ci Sinja a ƙarshen Yunin 2024, ya mayar da azuzuwan makarantu ɗakunan kwanan 'yan gudun hijira. Wannan bai zama tarihi ba tukuna, gawarsa ba ta huce ba, don haka muka roƙi ustazu ya karɓi sunaye kawai, ya bar hukunci.

Nan ne muka yi doguwar muhawara da shi, domin muna jin tsoro. Yaron mutawassiɗa yana tsakanin shekara 12 da 15. Ya ga sa'anninsa rataye da bindiga a shingen hanya, ya ga ana ba su hanya ana ba su shayi. In aka shigo masa aji da kirari da tuta da labarin jarumta zalla, to an yi wa masu ɗibar yara aikinsu kyauta. Muna da abin koyi a gida. Abdullahi ɗan Umar ya gabatar da kansa ranar Uhudu yana ɗan shekara 14, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya mayar da shi, bai karɓe shi ba sai ranar Handaƙ. Wannan a lokacin da Musulmi suke ƙarancin mutane. Da wannan labari muke so a buɗe darasi, yaro ya ji cewa komawa gida ma umarni ne da aka taɓa ba sahabi, kuma ya bi.

Game da yadda ake girmamawa, shi ma ba sai mun aro ba. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya kafa diwani, aka rubuta sunayen mayaƙa, aka yanka musu rabo daga baitulmali, aka fifita mutanen Badar. Girmamawarsa suna ne a rubuce da abinci a gida. A Nijeriya suna da 15 ga Janairu, a nan muna da 14 ga Agusta, ana fareti ana ajiye furanni, ba mu ce laifi ba ne. Sai dai gurgun da ke ƙarshen layinmu fareti bai taɓa ɗebo masa ruwa daga tur'a ba.

Ga abin da dattijo ya amince da shi. Kowane ɗalibi zai je wurin tsoho ko tsohuwa ta gidansu, ya durƙusa ya gaishe su yadda aka saba, ya ce Kaka, wa ya tafi yaƙi a gidan nan? Ya rubuta sunan mutumin da na ubansa, da inda aka kai shi, da sana'arsa kafin ya tafi da bayan ya dawo, da wanda ya ciyar da iyalinsa a bayansa. Wannan layi na ƙarshe mun nace a kansa, domin yawanci sunan mace ne zai fito. In tsoho ya yi shiru kada yaro ya matsa masa, kada kuma ya tambaye shi mutum nawa ya kashe. Wanda ya ga takarda ko lamba ko hoto, ya ɗauka da waya ya bar wa masu ita abarsu. Kuma kowane aji zai ɗauki gida ɗaya na gajiyayyen soja ko matar mamaci, su taya shi shara da ɗiban ruwa da noman rani.

Ustazu ya ce a sa har maƙwabtanmu da ba Hausawa ba. Wasu a zaure suka ɓata rai, ganin abin da ya faru a 2022. Dattijo ya ce a sa su, domin a Gojjam da Kurmuk ba a tona wa kowace ƙabila raminta daban ba.

Mun sayi sabon daftari mai bangon fata, mun ja masa layuka. Yana zaure kullum bayan la'asar, ranar Juma'a kuwa tun daga saukowa masallaci. 'Yan uwa na sauran ƙauyuka da kambo-kambo na cikin mashru'i, da waɗanda gudun hijira ya kai Gadarif da Kasala da Rabak, su rubuta nasu su aiko ta hannun limamansu. Zuwa yanzu wadda ta fara zuwa wata tsohuwa ce da jikarta ta riƙo wa hannu. Ta ba da suna biyu, na mijinta da na ɗanta, ta ce a rubuta su a shafi ɗaya.