Bututun Doba zuwa Kiribi: alkawarin da yaƙi ya ci

Wannan mako a filinmu na ƙasashe maƙwabta mun leƙa Cadi da Kamaru, mu ga yadda aka samo kuɗin wani babban aiki a lokacin da ƙasa ba ta zaune lafiya, da inda alkawarin da aka ɗauka a kansa ya kwana.

Tun cikin shekarun 1970 aka gano man fetur a yankin Doba, kudancin Cadi. Sai dai Cadi ba ta da teku, ga kuma yaƙin basasa, kowa ya ƙi zuba kuɗinsa. Man ya yi ta kwanciya a ƙasa kusan shekara 30, ƙasar tana dogaro da auduga da shanun da ake korawa kasuwannin Najeriya.

Mafita ita ce a binne bututu mai tsawon kilomita 1,070 daga Doba, ya ratsa Kamaru har Kiribi a bakin teku. Kuɗin aikin ya kai kimanin dala biliyan 3.7. A 1999 kamfanonin Shell da Elf suka janye jiki, ya zama ExxonMobil da Petronas da Chevron ne za su ɗauki nauyin. Su ma suna son mai tsaya masu. Kun san yadda ake yi a kara: baƙo ba ya sakin kuɗi sai ya ga dillalin da ya yarda da shi. To, Bankin Duniya ne ya zama wannan dillali a watan Yunin 2000. Rancen da ya ba gwamnatocin biyu don su sayi hannun jari bai kai dala miliyan 100 ba, amma sunansa ya sa sauran masu kuɗi suka saki jiki.

Bankin ya kafa sharaɗi, gwamnatin Idris Debi ta mai da shi doka a 1999. Kuɗin man zai fara sauka a wani asusu a Landan. Kashi 10 cikin 100 a ajiye wa 'ya'ya da jikoki. Daga abin da ya rage, kashi 80 ya tafi lafiya, ilimi, hanyoyi, ruwa, noma da kiwo. Ku lura, kiwo na cikin dokar, an rubuta shi baƙi da fari. Kashi 5 kuma na mutanen yankin da ake haƙar man ne. Aka kafa kwamitin sa ido, har da wakilan ƙungiyoyin farar hula. Amma akwai ƙofar da aka bari a buɗe: harajin da kamfanoni ke biya ba ya bin ta wannan asusu, kai tsaye yake shiga baitulmali.

Tun kafin ɗigon mai ya fita aka ga alama. A shekarar 2000 kamfanoni sun ba Cadi dala miliyan 25 na sa hannu, aka sayi makamai da kimanin miliyan 4.5 daga ciki.

Mai ya fara gudana a 2003, shekarar da wutar Darfur ta tashi. 'Yan gudun hijira sama da 200,000 suka kwararo gabashin Cadi, 'yan tawaye suka yi ƙarfi, sojoji na sauya sheƙa. A Disambar 2005 majalisa ta gyara dokar: aka soke asusun jikoki, aka sa tsaro cikin abubuwan da za a fifita. Hujjar gwamnati ita ce, me amfanin tara wa wanda ba a haifa ba alhali gida na ci da wuta? A Janairun 2006 Bankin Duniya ya dakatar da rancensa, aka toshe asusun Landan. A Afrilu 'yan tawaye suka shigo har Injamena. Aka sasanta a Yuli, a kan kashi 70 na kasafin kuɗi zai tafi yaƙi da talauci. Fabrairun 2008 'yan tawaye suka sake shigowa babban birnin. A Satumba bankin ya ce Cadi ba ta cika alkawari ba, ya zare hannunsa. Cadi ta biya shi bashin aikin kaf, don a lokacin mai na da tsada, ba ta bukatar dillali kuma.

Tsugune ba ta ƙare ba. A 2014 Cadi ta karɓi rancen fiye da dala biliyan 1 ta hannun kamfanin Glencore don ta sayi kason Chevron, za ta biya da man da ba a riga an haƙo ba. Kamar ka sayar da maraƙi yana cikin uwarsa ne. Farashin mai ya faɗi a shekarar, yawancin kuɗin man ya koma biyan bashi, aka rage wa ma'aikata alawus, yajin aiki ya rufe makarantu.

Gaskiya bututun na nan yana aiki, an kuma shimfiɗa kwalta da gine-gine da kuɗinsa. Ƙarfen ya tsaya, rabon da aka rubuta wa talaka ne ya kasa jure yaƙi.

Me ya sa muka ɗauko wannan? Nijar ma ta ja bututu kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa bakin tekun Benin, kuma a Afrilun 2024, bayan takunkumi ya matse ta, ta karɓi dala miliyan 400 daga kamfanin CNPC na Sin a kan man da za ta sayar nan gaba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk ranar da aka zo maku da zancen babban aiki, ku tambayi wakilanku: wa ya ba da kuɗin, da me za a biya, kuma in rikici ya tashi, wa zai tsare kason rijiyar dabbobi da burtali da hanyar kasuwa?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.