Tarihin Motoci Masu Ja ta Gaba da Masu Turi ta Baya a Kan Dusar Ƙanƙara

Kowace mota tana tafiya ne da ƙarfin da inji ke aika wa tayoyi. A wasu motocin, tayoyin baya ne ke karɓar wannan ƙarfi su tura motar; a wasu kuma na gaba ne ke karɓa su ja ta. A busasshiyar kwalta direba zai iya yin shekaru bai kula da wannan bambanci ba. Amma a ƙasashen sanyi irin su Suwidin, Finlan, Kanada da arewacin Amurka, inda dusar ƙanƙara ke rufe hanya na tsawon watanni, bambancin yakan fito fili tun daga ƙofar gida. Riƙon da taya ke yi wa hanya yakan ragu zuwa wajen sulusin wanda take samu a busasshen titi, idan kuwa ƙanƙarar ta daskare, santsin ya fi haka muni.

Motocin farko kusan dukkansu masu turi ta baya ne, tun daga wadda Karl Benz ya ƙera a Jamus a 1886. A 1891 kamfanin Panhard et Levassor na Faransa ya fito da tsarin da ya zama ruwan dare: inji a gaba, giya a tsakiya, ƙarfi a tayoyin baya. Haka ma Model T ta Ford, wadda ta fito a 1908. Dalilin wannan zaɓi shi ne sauƙin ƙira, domin tayoyin gaba su ne ke karkata dama da hagu, kuma haɗa su da inji ya fi ƙarfin fasahar wancan zamani.

Matsalar tsarin ita ce nauyin inji yana gaba, tayoyin da ke turi kuwa suna baya ba abin da ya danne su. Da zarar dusa ta sauka, sai su yi ta juyi a wuri ɗaya suna haƙa rami. A kwana kuma, in direba ya ɗan zarce wajen taka totur, bayan motar yakan zame gefe, wani lokaci har ta juyo tana fuskantar inda ta fito. Mutane suka nemi dabaru. A 1904 Harry Weed na jihar New York ya yi rajistar sarƙar da ake ɗaura wa taya don ta kama ƙasa. Wasu suka riƙa loda buhunan yashi a but domin ƙara wa baya nauyi, al'adar da masu a-kori-kura a Amurka da Kanada ba su daina ba har yau.

Abin da ya buɗe wa ja ta gaba hanya shi ne wata mahaɗar ƙarfe da ke isar da juyin inji daidai-wa-daida ko da taya ta karkata. Jean-Albert Grégoire da Pierre Fenaille suka samar da irin tasu a Faransa a shekarun 1920, Alfred Rzeppa kuma ya ƙirƙiro wata a Amurka. Cord L-29 ta fito a 1929, DKW F1 a 1931, sai Citroën Traction Avant a 1934, wadda aka ci gaba da ƙerawa har 1957. Cord ta koyar da darasi: dogon injinta yana can bayan tayoyin gaba, nauyi bai hau kansu sosai ba, don haka takan sha wahala wajen hawan tudu mai santsi.

A nan ne asirin al'amarin yake. A mota mai ja ta gaba da aka tsara da kyau, wajen kashi 60 cikin 100 na nauyi yana kan tayoyin da ke jan ta, shi ya sa take tashi cikin dusa a inda mai turi ta baya ke kafewa. Ban da haka, tayoyin suna ja ne zuwa inda sitiyari ya nufa. Kurar 'yan ga-ruwa misali ce: idan ana jan ta takan bi mai ja, idan ana tura ta kuwa ɗan kuskure kaɗan ke karkatar da ita. In gudu ya yi yawa a kwana, mai ja ta gaba takan ƙi shan kwanar ta miƙe, kuma sassauta totur, wanda shi ne abin da direban da ya firgita ke fara yi, yakan dawo da ita kan hanya. Mai turi ta baya tana bukatar gwaninta, domin sai an juya sitiyari da sauri zuwa gefen da bayan ya zame. Sai dai ja ta gaba ma tana da rauni. A hawan tudu nauyi yakan koma baya, kuma tayoyin gaba na yin aiki biyu, ja da karkata, alhali riƙonsu bai taka kara ya karya ba.

Gasar tsere ce ta tabbatar wa duniya wannan fifiko. Saab, kamfanin jiragen sama na Suwidin, ya fara ƙera motarsa mai ja ta gaba, Saab 92, a 1949. Da ƙanwarta Saab 96, mai ƙaramin inji na silinda 3, Erik Carlsson ya lashe gasar Monte Carlo a 1962 da 1963, gasar da ake yi cikin Janairu a hanyoyin tsaunuka masu ƙanƙara. Mini ta Birtaniya, wadda Alec Issigonis ya tsara ta fito a 1959 da inji a gicciye, ta ci gasar a 1964 da 1965 da 1967, a hannun Paddy Hopkirk, Timo Mäkinen da Rauno Aaltonen. Ƙananan motoci suka kayar da manya masu ninkin ƙarfinsu.

Duk da haka, turi ta baya bai zama abin yarwa ba. Volkswagen Beetle, wadda aka riƙa harhaɗawa a Legas daga 1975, injinta yana baya a kan tayoyin da ke turi, kuma ta yi suna wajen ratsa dusa. Volvo 240, mai turi ta baya, an riƙa ƙera ta a Suwidin daga 1974 zuwa 1993. Abin da ya riƙe irin waɗannan motoci shi ne taya. A 1934 wani kamfanin roba na Finlan, wanda daga baya ya zama Nokian, ya fitar da tayar hunturu ta farko domin manyan motoci, sai Hakkapeliitta ta ƙananan motoci a 1936. A shekarun 1960 tayoyi masu ƙusoshi suka bazu, daga baya kuma aka samu roba mai laushi wadda sanyi ba ya sandarar da ita. Lardin Quebec na Kanada ya wajabta tayoyin hunturu a 2008.

Yaɗuwar ja ta gaba a duniya ta biyo bayan tsadar man fetur ta 1973, domin tsarin ya fi rashin nauyi, ya fi tsimin mai, ya kuma fi ba fasinja fili. Volkswagen Golf ta fito a 1974, manyan kamfanonin Amurka suka bi sahu daga ƙarshen shekarun 1970. A 1980 Audi ya fito da quattro mai jan tayoyi huɗu, bayan gwaje-gwajen hunturu a arewacin Turai. Na'urori ma suka shigo: birkin ABS na Bosch a Mercedes-Benz a 1978, da na'urar hana zamewa ta ESP a 1995, wadda Tarayyar Turai ta wajabta wa duk sabuwar mota daga 2014. Waɗannan sun rage haɗarin turi ta baya ƙwarai, har motocin lantarki irin su Volkswagen ID.3, masu nauyin batir shimfiɗe a ƙasa, suka koma gare shi.

Tsarin jan mota yana taimakawa ne wajen tashi da hawan tudu. Wajen tsayawa kuwa, kowace mota tayoyi huɗu take taka wa birki, kuma riƙon robar ne ke yanke hukunci. Saboda haka mai turi ta baya da ke sanye da tayoyin hunturu ta fi mai ja ta gaba da ke kan tayoyin bazara aminci a kan dusar ƙanƙara.