Suna Biyu a Fuskar Agogo Ɗaya

Ranar 11 ga Disambar 2021, a zauren gwanjo na kamfanin Phillips da ke New York, aka ɗaga wani agogon hannu na ƙarfe. Ba zinare ba ne, babu ko ƙwayar lu'ulu'u a jikinsa, kuma kuɗinsa a kanti dala 52,635 ne. Masu tayi suka yi ta ƙari, har da aka haɗa da la'ada kuɗin ya kai dala miliyan 6.5. Agogon samfurin Nautilus ne na kamfanin Patek Philippe, irin wanda aka saba gani tun 1976. Abin da ya bambanta shi da 'yan'uwansa abu biyu ne: fuskarsa mai launin shuɗi-shuɗi irin na kwalin kantin Tiffany, da kuma ƙaramin rubutu a ƙasan fuskar, Tiffany & Co., yana fuskantar sunan maƙerin da ke sama. Guda 170 kacal aka ƙera, don tunawa da shekara 170 na hulɗar gidajen biyu, kuma kuɗin wannan na farko ƙungiyar kare muhalli ta The Nature Conservancy aka bai wa.

Wannan ɗan rubutu, wanda yau ake zubar da dukiya a kansa, asalinsa shaida ce ta mai kanti ga baƙon da ba a sani ba.

A tsakiyar ƙarni na 19, attajirin New York bai san wani Antoni Patek ba, tsohon soja ɗan Poland da ya yi gudun hijira ya buɗe sana'ar agogo a Geneva a 1839. Wanda ya sani shi ne Charles Lewis Tiffany, mai kantin da aka buɗe a 1837, wanda a wurinsa ake sayen zobe da sarƙa da kayan azurfa. Agogon aljihu a lokacin dukiya ce, kuma mai saye ba shi da hanyar gane nagartar abin da ke cikinsa. Idan ya tsaya, ba Geneva za a kai shi ba, kantin da aka saya za a koma. Don haka sunan mai kanti a fuskar agogo yana nufin: ni na kawo shi, ni na tsaya masa. Duk wanda ya taɓa sayen kaya a kasuwa saboda dillalin da ya yarda da shi, ba don ya san mai kayan ba, ya fahimci wannan ciniki.

A 1851 gidajen biyu suka ƙulla hulɗa, shekarar da kamfanin na Geneva ya koma amsa sunan Patek, Philippe & Cie, bayan shigowar Jean Adrien Philippe, Bafaranshen da ya yi suna wajen ƙera agogon da ake wa wani ba tare da makulli ba. A 1854 Patek da kansa ya haye teku zuwa Amurka neman kasuwa, a 1876 kuma aka rattaba hannu a kan takardar da ta mai da Tiffany babban wakilinsa a ƙasar. Har Tiffany ya gwada buɗe tasa masana'antar agogo a Geneva a shekarun 1870, amma bai daɗe ba ya sayar wa Patek Philippe ita, ya koma ga abin da ya fi iyawa, wato sanin masu kuɗi da abin da suke so. Ta hannun Tiffany ne ma'aikacin banki Henry Graves Jr. ya karɓi shahararren agogon aljihunsa a 1933, mai ayyuka 24 ban da nuna lokaci, wanda aka sayar a 2014 a kan kusan dala miliyan 24.

Sai dai labarin da ya fi daɗin ji ba a New York ya faru ba, a Rio de Janeiro ne. Kantin Gondolo & Labouriau ya yi hulɗa da Patek Philippe daga 1872 zuwa 1927, kuma ya yi ƙarfin da har yana faɗa wa maƙeran Geneva yadda yake so a ƙera masa agogo, a rubuta masa Chronometro Gondolo. Kuɗin agogon faran 790 na Suwizalan ne, abin da ya fi ƙarfin aljihun yawancin masu sha'awarsa. Sai masu kantin suka ɓullo da dabara: a haɗa mutum 180 a ƙungiya ɗaya, kowa ya riƙa zuba faran 10 duk mako har mako 79. Kowane mako a jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa kansa ya ɗauki agogonsa ya daina zubi. Wanda ya ci a makon farko ya samu agogo a kan faran 10, sauran 101 da ƙuri'a ba ta faɗa kansu ba kuwa su karɓi nasu a ƙarshe bayan sun biya cikakken kuɗi. Mai karatu zai ga kamar adashi ne, kuma akwai kama, amma a adashi wanda ya yi kwasar farko yana ci gaba da zubi har kowa ya kwasa. A nan sa'a ce ke yanke wa mutum yawan abin da zai biya. Patek Philippe bai manta da wannan kanti ba, domin tun 1993 akwai jerin agogunansa da ake kira Gondolo.

Haka abin ya yaɗu a duk inda arziki ya ɓulla. A Caracas, lokacin da man fetur ya buɗe wa Venezuela ƙofa, wasu Italiyawa biyu suka kafa Serpico y Laino, sunansu ya hau fuskokin Rolex da Patek Philippe har zuwa rufe kantin a 1966. Akwai Beyer a Zurich, da Gübelin a Lucerne, da Gobbi a Milan, da Freccero a Montevideo, da Cartier. A Landan akwai Asprey, wanda ta hannunsa Sarkin Oman Qaboos ya riƙa yin odar agogunan Rolex masu tambarin wuƙar khanjar, yana rabawa kyauta.

A hankali sai lamarin ya juya. Talla a jaridu da mujallu ta sa sunan Rolex da na Patek Philippe suka fi na kowane kanti amo, maƙera kuma suka fara kishin fuskar agogonsu. Rolex ya bar Tiffany yana buga sunansa a kan agogunansa tun ƙarshen shekarun 1950, amma a farkon shekarun 1990 aka raba gari. Da ƙofa ta rufe, abin da ya rage a hannun mutane ya zama ƙidayayye, kuma masu tara agoguna ba abin da ke motsa su kamar abin da ba za a sake yin irinsa ba. A Nuwamban 2019 Phillips ya shirya gwanjo guda a Geneva na agoguna masu suna biyu zalla. A wannan watan ne kuma Christie's ya sayar da wani Patek Philippe samfurin 2523, mai nuna lokacin biranen duniya, mai ɗauke da sunan Gobbi, a Hong Kong a kan kusan dala miliyan 9.

A nan ne matsalar take. Ƙera injin agogo irin na Patek Philippe aiki ne na shekaru, amma buga kalmomi biyu a fuskar tsohon agogo aikin yini ɗaya ne ga mai mugun nufi, kuma ribarsa na iya ninka kuɗin agogon. Shi ya sa gwani ba ya gaggawa. Zai sa gilashin ƙara girma a ido ya duba kaurin tawada, da siffar kowane harafi, da tazarar da ke tsakaninsu. Zai duba ko rubutun kantin ya tsufa tare da sauran fuskar, ko kuwa yana sheƙi kamar jiya aka yi shi. Zai juya agogon ya nemi lambar kaya da wasu kantuna ke kartawa da hannu a ƙarƙashin ƙafar da ke riƙe maɗauri. Takardar da Patek Philippe ke bayarwa daga kundinsa tana faɗin lambar inji da shekarar ƙira da ranar sayarwa, amma abin da ya fi kwantar da hankalin mai saye shi ne tsohon rasit na kantin da kwalinsa na asali. Abin tausayi, iyalai da yawa sun kai agogon kakansu gyara an sauya masa sabuwar fuska da kyakkyawar niyya, ba su san an cire abin da ya fi komai daraja a jikinsa ba.

Cikin tsofaffin hulɗoɗin nan, ta Tiffany da Patek Philippe na cikin waɗanda suka ɗore. Iyalin Stern, masu Patek Philippe tun 1932, asalinsu masu ƙera fuskar agogo ne, su ke yi wa kamfanin fuskoki kafin su saye shi, don haka sun san nauyin duk abin da aka rubuta a wurin. Tiffany kuwa ya sauya hannu a Janairun 2021, lokacin da rukunin LVMH na Bernard Arnault ya saye shi a kan kusan dala biliyan 16. A bayan wancan shuɗin Nautilus, a kan gilashin da ake hango inji ta cikinsa, an rubuta 1851 da 2021, kuma a cikin lambar 1 ta ƙarshe an ɓoye haruffan LVMH, ƙanana ƙwarai, sai da gilashin ƙara girma ake iya karanta su.